Sanyi Daban, Iska Daban: Ciwon da Ofis Ke Sa wa Ma'aikata

A ƙarshen shekarar 1987 aka fara shimfiɗa sabon kafet a hedikwatar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, a wani gini da ake kira Waterside Mall a birnin Washington. Ba a jima ba ma'aikata suka fara koke: ido na zafi, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kai na sarawa, wasu kuma numfashi na yi musu wuya. Masu ƙorafi suka kai ɗaruruwa, har wasu da abin ya tsananta a kansu sai da aka nema musu wurin aiki a wajen ginin. Ƙungiyar ma'aikatan, wadda ke cike da masana sinadarai, ta ɗora zargi a kan wani sinadari da ke tashi daga robar bayan kafet ɗin. Aka yi ta ja-in-ja da shugabanni, sai a 1989 hukumar ta amince ta kwashe kafet ɗin. Masana sun daɗe suna muhawara kan ko sinadarin ne kaɗai ya yi ɓarnar, domin da ma can iska ba ta wadaci ginin ba. Ko ma dai mene ne, hukumar da aka ɗora wa alhakin tsaftar iskar ƙasa guda ta kwashe kusan shekara biyu tana gardama da ma'aikatanta kan iskar ofishinta.

In masu ilimin abin sun sha wannan fama, ba abin mamaki ba ne manajan banki a Kano ko darakta a sakatariyar jiha ya dubi ma'aikacin da ke atishawa tun safe ya ce masa, "Malam, ka je ka sha magani mana." Haka akasari ake kallon lamarin: larurar mutum ɗaya ce, jikinsa ne ba ƙwari, ko kuma raki ne kawai. Ɗakin da yake wuni a ciki awa takwas ba mai tuhumarsa. A ganina ɗakin ne ya kamata a fara bincika kafin a tura kowa kemis, domin mai borin jini ko mai asma shi ne kawai wanda jikinsa ya riga na kowa magana. Iskar da ke sa shi tari ita ce sauran ke shaƙa, su nasu yana fitowa ne a matsayin ciwon kai da kasalar bayan azahar da ake ɗora wa tuwo.

Yadda aka zo nan yana da alaƙa da kuɗin mai. Kafin shekarun 1970, ƙa'idar gini a Amurka ta tanadi a riƙa shigo wa kowane mutum da iskar waje kimanin lita 7 a daƙiƙa guda. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka da wasu ƙawayenta mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Ɗumama gini da sanyaya shi suka zama babban nauyi, sai aka koma toshe duk wata kafa, aka riƙa yin tagogin da ba sa buɗuwa, aka rage iskar waje zuwa kimanin lita 2.5 ga mutum. An yi tsimin mai, amma sai ofisoshi suka cika da masu ciwon da likita ba ya gano masa suna, ciwon da ke tafiya da zarar mutum ya bar ginin. A 1984 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa har kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka sabunta na iya zama masu irin wannan ƙorafi. A 1989 ƙungiyar injiniyoyin Amurka da ke tsara ƙa'idar, ASHRAE, ta ja da baya, ta mayar da adadin zuwa kusan lita 10 ga kowane ma'aikacin ofis.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ga dizal da ma ya daɗe da tsada, sanyi ya zama dukiya, kowa na gadin nasa. "Rufe ƙofar nan, sanyi na fita," ita ce kalmar da ta fi yawa a bakin masu ofis. Ana cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ana liƙe tagogi, ana tara mutum shida a ɗaki ɗaya don a kunna AC ɗaya maimakon uku. Duk dabaru ne na hankali ga mai biyan kuɗin wuta. Sai dai akwai abin da yawancin mutane ba su sani ba game da na'urar da ke maƙale a bangon.

AC ɗin da ya fi yawa a ofisoshinmu, mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Bututun da ya haɗa gidajen biyu gas ɗin sanyi yake ɗauka, ba iska ba. Abin da na cikin yake yi shi ne ya zuƙi iskar ɗakin, ya sanyaya ta, ya maido da ita. Kamar mutum shida ne suke ta wanke hannu a kwano ɗaya tun safe, wani yana tsaye yana jefa musu ƙanƙara a ciki: ruwan ya yi sanyi, amma ruwan ɗazu ne. Fanka ma haka take, juya iskar kawai take yi. Mutum yana shiga ɗaki ya ji sanyi ya ratsa shi sai ya ce "kai, ofishin nan akwai iska", alhali numfashin abokan aikinsa ne aka sanyaya masa.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3, wato yana cin iska lita 60,000. Mutumin da ke zaune yana aikin tebur yana fitar da iskar kabon dayoksaid kimanin lita 18 a awa. Mutum shida sun fitar da lita 108 ke nan. A waje, wannan iska kimanin kashi 420 ce cikin miliyan. A ɗakin nan, in da a ce ba kafa ko ɗaya, cikin awa guda za ta haura 2,000. A zahiri ƙofa na buɗuwa, akwai 'yan kafofi, don haka ba za ta hau da wannan saurin ba, amma za ta hau. Tun 1858 wani masanin tsafta a birnin Munich na Jamus, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar kada ta wuce 1,000 a ɗakin da mutane ke zaune, kuma har yau ana amfani da wannan adadi a matsayin ma'auni. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya na cewa in awon ya tsaya sama da 1,500, ɗakin na bukatar gyara. Ba wai kabon dayoksaid ɗin a wannan mataki guba ba ne. Shaida ce cewa iskar ba ta sauyawa, kuma duk abin da ke cikinta, ƙura ne, turare ne, ƙwayar cuta ce, yana nan yana taruwa tare da ita. Don a ba wa mutum shidan nan lita 10 kowannensu, sai iskar ɗakin ta sauya gaba ɗaya fiye da sau uku a kowace awa.

Akwai wani bincike da ake yawan ambata, na Joseph Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard, wanda ya fito a 2015. Sun sa ma'aikata 24 aiki na kwana shida a ofishin gwaji, suna sauya musu iska ba tare da sun sani ba. A ranakun da aka rage sinadarai aka kuma ƙara iskar waje, makin da suka ci a gwajin tunani da yanke shawara ya ninka na ranakun ofis na yau da kullum. Mutum 24 ba su da yawa, kuma bai kamata a ɗauki adadin a matsayin wahayi ba. Amma ya isa ya sa mai kamfani ya tambayi kansa ko tsimin dizal ɗin da yake yi ba daga aljihun aikinsa yake fita ba.

To, ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Abubuwa uku ne mabambanta muke haɗawa mu kira su "mura", kuma kowanne da maganinsa. Na farko borin jini na gaskiya. A nan garkuwar jikin mutum ce ta yi kuskure, ta ɗauki abin da ba ya cutarwa, kamar ƙurar fure ko kashin kyankyaso, a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa wani makami da likitoci ke kira IgE. Daga ranar, duk lokacin da suka haɗu sai jiki ya saki sinadarin histamin, hanci ya toshe ko ya yi ta zuba, ido ya yi ja, fata ta yi rudu-rudu, in mai asma ne hanyoyin numfashi su tsuke. Abin da ya sa wannan ya fi wuyar sha'ani shi ne ɗan kaɗan ya ishe shi. Adadin da ba wanda zai ji a ɗakin shi zai kwantar da mutum ɗaya, shi ya sa abokan aikinsa ke ganin kamar yana ƙari. Na biyu kuwa abin da ke fusata hanci da maƙogwaron kowa in ya yi yawa: hayaƙi, bilic, fenti, maganin sauro, ƙura. Wannan ba ruwansa da IgE, yawa ne ke magana, sai dai mai asma ya fi saurin faɗuwa. Na uku shi ne cutar da ake ɗauka daga wani, mura ta ainihi, tarin fuka, korona.

Iskar waje tana maganin na biyu da na uku sosai, domin tana tsarma abin da ke yawo. Na farko kuwa ba ta wadatar da shi ba, sai an nemo tushen an kawar. Misalin da ya fi fito da wannan fili daga asibiti yake. A shekarun 1980 da 1990 ma'aikatan jinya da yawa a Turai da Amurka suka kamu da borin robar safar hannu, domin hodar da ake barbaɗa wa safar tana ɗaukar sinadarin robar ta watsa shi cikin iska. Ba fanka aka ƙara ba. Jamus ta hana safar roba mai hoda a ƙarshen shekarun 1990, sababbin masu kamuwa suka ragu ƙwarai, Amurka ma ta bi sahu a farkon 2017.

Ta yaya za a gane ofis ne ke jawo ciwon? Tun shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka gada: wace sana'a kake yi? Tambayar da ta biyo bayanta a yau ita ce, kana samun sauƙi ranar Asabar da Lahadi? Lokacin hutun salla fa, ko hutun shekara? In mutum yana warwarewa a gida, ya dawo Litinin kafin azahar hanci ya toshe, to an kama bakin zaren. Likitan ƙirji yakan ba mai asma wani ɗan bututun roba da ake hurawa yana auna ƙarfin numfashi, ya ce ya riƙa rubuta awon sau da yawa a rana har tsawon makonni, ranakun aiki da na hutu. Takardar nan ta fi duk wata gardama da oga ƙarfi. Ba ƙaramin al'amari ba ne kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma miliyan 262 a 2019, kuma ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai na ganin kusan ɗaya cikin shida na asmar manya tana da nasaba da wurin aiki. Gaskiya da yawa daga cikin waɗannan a gidajen burodi, wuraren fentin mota, kafintoci da masu aikin tsafta suke, ba a kan tebur ba. A ofis abin da ya fi yawa shi ne wanda da ma yana da larurar, wurin ya riƙa tayar masa da ita.

Duba yadda safiya ke farawa a ofisoshi da yawa. Ƙarfe bakwai mai shara ta shigo da tsintsiya, ta share kafet a bushe, ta kakkaɓe kujeru da labule, ta fesa turaren ɗaki don a san ta yi aiki, ta kunna AC ta ja ƙofa. Ƙarfe takwas ma'aikata suka iso, tebur na ƙyalli, ɗaki na ƙamshi. Ƙurar da ta kwana a ƙasa lafiya lau yanzu tana sama, mai laushin cikinta za ta yi awoyi ba ta sauka ba, ga ƙofa a rufe. Ba laifin mai sharar ba ne, abin da aka ba ta ke nan, kuma ita ce ta fi kowa shaƙa. Da za a mayar da shara yamma bayan an tashi, a bar tagogi a buɗe lokacin, a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma da mofa maimakon tsintsiya, da an rage rabin matsalar ba tare da an sayi komai ba. A kuma gaya mata kada ta taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Sannan a hau kujera a buɗe murfin AC ɗin a zaro ragar da ke ciki. A wurare da yawa za a same ta ta yi kauri da toka-tokar ƙura kamar bargo, in aka haska fitila can ciki a ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikin fankar. Funfuna ce. Ragar ana wanke ta da ruwa cikin minti goma, kuma ya kamata a yi hakan duk bayan 'yan makonni, amma akasari ba a kiran mai gyara sai na'urar ta daina sanyi. Bututun da ke zubar da ruwan AC in ya toshe, ruwan ya riƙa bin bango, fenti ya kumbura, bayan kabad ya yi baƙi. Duk abin da ya jiƙe ba a busar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba, funfuna na iya kama shi, ko silin ne da rufi ya yi yoyo da damina, ko kafet. Kafet ɗin nan dai, in ban da son a ce ofishin oga ne, ban ga amfaninsa a ƙasa mai ƙura irin tamu ba. Matattara ce ta wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, masu cin ɓawon fatar mutum, waɗanda kashinsu na cikin manyan masu tayar da asma a duniya. Suna son laima, shi ya sa ake so danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Tsofaffin fayil-fayil da aka jibge a lungu kuwa gidan kyankyasai ne. In an gaji da su sai a kira masu feshi ranar Lahadi da dare, Litinin da safe a shigo a zauna cikin warin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Janareta shi nasa ba borin jini ba ne, kisa ne. Hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. In an ajiye injin a ƙarƙashin taga ko a baranda, tana silalowa ta kafofi, ta fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Duk ofishin da mutane da yawa ke ciwon kai lokaci guda in an ɗauke wuta, a fita a duba inda bututun hayaƙin ya fuskanta, yau ba gobe ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Yamai zai ce, to a buɗe taga ke nan? Da hunturu? Tambayar tana kan hanya, kuma a nan ne shawarwarin da aka rubuta don Landan ke gaza mana. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A ranakun da hazo ya sauka har jirage suka kasa tashi, ƙurar da ke waje ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin iyaka sau da yawa, ga bushewar da ke fasa leɓe da cikin hanci. Ka rufe, numfashin juna. Ka buɗe, ƙura. Gaba kura baya sayaki. Ofishin da ke bakin babban titi kuma da hayaƙin Keke Napep da manyan motoci zai yi fama, ko da rani ko da damina.

Mafita ita ce a raba aikin biyu: shigo da iska daban, tace ta daban. Ana iya fasa bango a sa ƙaramar fanka mai turo iskar waje ta cikin filta, daga ɓangaren ginin da ba ya kallon titi ko janareta, a kuma sa mai zuƙewa a banɗaki da ɗakin fotokwafi. Za a yi asarar ɗan sanyi, babu makawa, kuɗin iskar ke nan. A cikin ɗaki kuma na'urar tace iska mai filtar HEPA tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta fi wuyar kamawa, kuma wutar da take ci ba ta kai ta AC ko kusa ba. Amma a sani, ƙura take kamawa, ba ta cire kabon dayoksaid, kuma yawancinsu ba sa cire wari, sannan wadda aka yi don ɗakin kwana ba za ta iya da zauren mutum ashirin ba. Inda ba halin saye, a lokacin korona wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, sun yaɗa dabarar ɗaure filtoci huɗu a jikin fanka mai kusurwa huɗu da salatif, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana aiki. Inda ko wannan babu, a zaɓi lokaci: a buɗe ƙofa da taga masu fuskantar juna na minti goma lokacin sallar azahar da kowa ya fita, a ranakun da gari ya washe. Abin da zan ce a guje shi ne na'urorin da ake tallar suna "kashe ƙwayoyin cuta" ta hanyar fitar da iskar ozon, domin ozon kanta na fusata huhu. Tukwanen furanni ma ado ne kawai. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Drexel a 2019 ya nuna sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da iskar waje ke yi wa gini.

Sai maganar da ta fi kowace tsauri a wurinmu, turare. A 2010 hukumar birnin Detroit a Amurka ta biya wata ma'aikaciyarta dala 100,000 don a sasanta ƙarar da ta shigar, bayan ta yi ta kukan cewa turaren abokiyar aikinta da na ɗaki da ake maƙalawa a soket suna hana ta numfashi, shugabanni suka yi biris. Daga baya birnin ya fitar da sanarwar roƙon ma'aikata su daina zuwa da ƙamshi. Kwafo wannan doka kai tsaye zuwa Kano ko Maiduguri neman rigima ne. Turare a wurinmu sunna ne, mutunci ne, ranar Juma'a kuwa ba a magana. Ka ce wa Hajiya humrarta na damun mutane, ka taɓo abin da ya fi hanci zurfi. Amma addinin da ya kwaɗaitar da ƙamshi shi ne ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da jama'a, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ashe tunanin cewa iskar da ake tarayya a cikinta tana da haƙƙi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kuma akwai tazara mai yawa tsakanin ɗan turaren da mutum ya shafa a gida da kaskon turaren wuta da aka kunna a rufaffen ɗaki mai AC, ko na'urar da ke fesa ƙamshi duk bayan 'yan mintoci. Na biyun hayaƙi ne da sinadari a ɗakin da iska ba ta fita, kuma ofis na da ikon hana su ba tare da an ci fuskar kowa ba. Na jiki kuwa lallashi yake so, kuma aikin shugaba ne, a keɓe. Kuskure ne a bar mai asma, wanda sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne, ya je ya tunkari wadda ta girme shi da kansa.

Korona ta koya wa duniya ɓangare na uku, wato cutar da ake ɗauka daga wani, da tsada. A watan Maris na 2020, a wani dogon gini a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, ma'aikata 94 cikin 216 da ke hawa na 11 suka kamu, akasarinsu a ɓangare ɗaya na zauren, alhali sauran hawa-hawan da suke shiga lif ɗaya da su kusan ba wanda ya kamu. Zaman awoyi cikin iska ɗaya ne ya yi aikin. Duk da haka sai da masana 239 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a Yulin 2020, kuma sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce cutar na bin iska. Manyan gine-gine masu na'urar sanyi ta bai ɗaya kuma suna da nasu haɗarin: a Yulin 1976, bayan taron tsofaffin sojoji a wani otal a Philadelphia, mutum 221 suka kwanta, 34 suka mutu, daga baya aka gano ƙwayar cutar da ke hayayyafa a ruwan ɗumi irin na hasumiyar sanyaya gini. Otal-otal da asibitoci da dogayen benayen Abuja masu irin wannan tsari su ne abin ya shafa.

Bayan an gyara ɗaki, akwai sauran mutumin. Yawancin masu larurar nan ɓoyewa suke yi, musamman ma'aikatan wucin gadi, don tsoron kada a ce ba su da lafiyar aiki. Sai mutum ya riƙa haɗiyar Piriton a ɓoye, maganin ya sa shi gyangyaɗi a kan tebur, a rubuta masa takardar gargaɗi kan lalaci. In direban ofis ne, abin ya wuce gyangyaɗi. Akwai magungunan zamani da ba sa sa barci sosai, likita ko mai ilimin magunguna zai nuna masa. Abin da ofis zai yi masa sau da yawa bai taka kara ya karya ba: a ɗauke teburinsa daga saitin bakin AC ko kusa da na'urar fotokwafi, a sanar da shi kafin a yi fenti ko feshi don ya yi aiki daga wani wuri, a bar shi ya sa takunkumi ranar hazo ba tare da tsokana ba. Wanda kuma borinsa na abinci ne mai tsanani, kamar gyaɗa ko kifi, ba ruwansa da iska. Shi abin da yake bukata shi ne mutum biyu ko uku da ke kusa da shi su san alamun, kumburin leɓe da harshe da sarƙewar numfashi, su san cewa allurar adirenalin ce maganin gaggawa, su kuma san asibitin da za a nufa, domin mintoci ne ke tsakani. Amma da izininsa za a gaya musu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu bukatar kariya ta musamman, don haka ba abin da za a liƙa a allon sanarwa ba ne ko a watsa a zauren WhatsApp na ofis.

A ɓangaren doka akwai giɓi. Birtaniya tun 1992 ta wajabta wa kowane wurin aiki, har da ofis, isasshiyar iska mai tsafta, bayanin dokar kuma ya ce kada ta gaza lita 5 zuwa 8 a daƙiƙa ga mutum. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Yunin 2022 ta sa lafiyayyen wurin aiki cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. A Najeriya dokar masana'antu ta 1987 ta yi maganar iska da cunkoso da tsafta, amma masana'anta ta nufa, ba banki ko ma'aikatar gwamnati ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta fi faɗi, ta shafi ofisoshin gwamnati da na 'yan kasuwa, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun inshorar ma'aikata na NSITF, ta kuma amince da cututtukan da aiki ke jawowa. Sai dai wanda zai nemi diyya dole ya nuna alaƙar ciwonsa da wurin aikin, kuma ba a nuna wannan da baki. Ana bukatar rahoton likita, da takardar awon numfashin nan ta ranakun aiki da na hutu, da kwafin ƙorafin da ya rubuta wa ofis mai ɗauke da kwanan wata. Ofishin ma, in yana son kare kansa, littafi ɗaya ya ishe shi: ranar da aka wanke AC, ranar da aka yi feshi da sunan maganin, wa ya yi ƙorafi, a wane ɗaki, da ƙarfe nawa. In aka haɗa da ƙaramar na'urar auna kabon dayoksaid da za a riƙa zagayawa da ita ɗaki-ɗaki, cikin wata guda za a san ɗakin da za a fara fasa wa bango.